Ana Ta Kai, Wa Ke Ta Tsuntsu?

Masu iya magana sun ce ana ta kai wa ke ta kaya. Wannan karin magana shi aka fi jifana da shi tun ranar da 'yan'uwana ɗalibai suka gane cewa ni ɗan ƙasar Ƙanƙara ne, daga yankin 'Yargoje, kuma ga shi ba ni da abin sha'awa kamar in yi sammako ran Asabar, in rataya madubin hangen nesa, in tafi bakin ruwa kallon tsuntsaye. Waɗansu da wasa suke faɗi, waɗansu kuwa har zuci. Wanda maganarsa ta fi tsaya mini a rai shi ne wani abokin karatuna, mutum mai hankali da nutsuwa, wanda ya ce mini, "Malam, a garinku ana binne mutane, kai kuwa kana nan kana ƙirga kurciyoyi. Ko kunya ba ka ji?" To, tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ke nan. Shin ya dace mutum ya ba da lokacinsa da hankalinsa ga abin da ba ci ba sha, don sha'awa kawai, alhali kuwa mutanensa suna cikin bala'i?

Bari in fara da bayyana abin da muke yi, domin galibin masu yi mana dariya ba su taɓa bin mu ba. Mukan haɗu da sassafe, mu shida ko goma, wani lokaci har da malami ɗaya ko biyu, domin tsuntsu ya fi kuka da kai-da-kawowa kafin rana ta yi zafi. Ba a sa fararen tufafi, ba a hayaniya, ba a ɗaga hannu a yi nuni, sai dai a ce a hankali, "Ga shi can a reshen gawon nan na hagu, ƙasa da sheƙa." Madubin hangen nesa ba ya isar kowa, sai a yi ta karɓa-karɓa. A jikin irin wanda muka fi amfani da shi an rubuta 8x42. Ma'anar 8 ita ce yana jawo abu kusa sau takwas, watau tsuntsun da ke nisan mita 80 sai ka gan shi kamar yana mita 10. Ita kuwa 42 faɗin gilashin gaba ce a ma'aunin milimita, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon hasken da yake tarawa. Sabon shiga kullum mai babbar lamba yake nema, yana zaton shi ne gangaran, bai sani ba yadda madubi ke ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara rawar hannu. Akwai kuma wani hali na wannan madubi da nake roƙon mai karatu ya riƙe: duk abin da ya ba ka na nesa, daga gefe ya karɓe shi. Muddin yana bisa idonka, wanda ke tsaye dab da kafaɗarka ba ka ganinsa.

Abin da muka gani ba ya tsayawa a 'yan littattafanmu. Tun ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke Laminga kusa da Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo, 9 faɗi. Mai kallo zai shiga gida guda, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sa'an nan ya aika ta waya. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma da irin wannan aikin gayya ake so a san inda kowanne yake zaune, da wanda ke ƙaruwa, da wanda ke ƙarewa.

To, gidan daran da ya fi damuna shi ne wanda 'Yargoje ke ciki, kuma shi ne wanda ban taɓa cikawa ba. Mai karatu ya san dalili. A daren 11 ga Disamba, 2020, shekarun da muke raye a cikinsu, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka yi daji da su, sai bayan kwana shida aka sako su. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Yuni na 2024 ɓarayin daji suka afka wa 'Yargoje kanta da dare, mutanen garin suka shaida wa manema labarai cewa waɗanda aka kashe sun kai 50. Abin mamaki, a ƙarshen 2020 ɗin nan ne Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar mai da dajin Kogo na ƙasar Faskari gandun daji na ƙasa, tare da waɗansu dazuzzuka tara. Ga kuma gandun Kamuku na Birnin Gwari a bayan Sabuwa. A takarda dai kakar mai kallon tsuntsu ta yanke saƙa. A ƙasa kuwa, manomi ma da ke da gona a bakin dajin sai ya yi shahada yake zuwa.

A irin wannan wuri madubin hangen nesa ba abin wasa ba ne. Shekarun tashin hankali sun koya wa mutanenmu cewa ɓarawon daji ba ya shigowa gari sai da ɗan gari, watau wanda ake kira infoma, mai gaya musu wane ya sayar da shanu, wane ɗansa ke aiki a Abuja, ta ina 'yan sa-kai ke kwana. Saboda haka wanda aka gani a bayan gari da abu a ido yana hangen nesa, yana rubutu a littafi, yana latsa waya, in an tare shi ya ce tsuntsu yake kallo, to ya faɗi maganar da ba mai yarda da ita. Ni kuwa ba na ganin wautar mai zargin, domin tarihi yana bayansa. Boyd Alexander, wanda ya ratsa ƙasar nan daga Kwara zuwa Tafkin Cadi har ya dangana da kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907, masanin tsuntsaye ne, amma kuma hafsan sojan Ingila ne, kuma ayarinsa yana tara tsuntsaye yana zana taswira. Richard Meinertzhagen, wanda ya yi suna ƙwarai wajen sanin tsuntsaye, jami'in leƙen asiri ne, kuma shi ne ya harbe shugaban mutanen Nandi na Kenya, Koitalel, a 1905 a wurin da aka kira shi don sulhu. (Bayan mutuwarsa ma an gano cewa da yawa daga cikin tsuntsayen da ya ce shi ya samo, sato su ya yi daga gidajen ajiya ya sake musu takarda. Mai hali ba ya fasa halinsa.) Ashe ke nan baƙauyen da ya ga mai madubi ya tsargu ba jahilci ya nuna ba.

Wannan ya kawo mu ga gindin maganar. Hausa ta bambanta gani da kallo da leƙe. Gani yakan zo wa mutum ko bai nema ba. Leƙe sata ne, ana yinsa ne ba da sanin mai abu ba. Kallo kuwa shi ne mutum ya tsaya da gangan ya ba abu lokacinsa. Mu duba mutum uku da ke shiga daji da sassafe: maharbi, da infoma, da mai kallon tsuntsu. Dukkansu suna sanɗa, dukkansu suna da haƙuri, dukkansu sun iya karanta sawu da motsin ganye. Maharbin ƙasar Hausa ma ya fi mu sanin tsuntsu nesa ba kusa ba, har yakan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin ta burtu, don namun daji su saki jiki da shi. Ido ɗaya ne, dabara ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne abin da ke samun wanda aka kalla bayan an gama kallonsa. Wanda maharbi ya kalla ya zama nama. Wanda infoma ya kalla ya zama kuɗi. Wanda muka kalla kuwa yakan tashi ya yi tafiyarsa, bai ma san an yi ba.

Ina ganin ciwon da ya kama ƙasarmu, kafin ya zama ciwon bindiga, ciwon ido ne. Ba za ka iya ɗaure dattijo a gindin itace kana ciniki a kansa ta waya ba, sai ka riga ka daina ganinsa mutum, ka koma ganinsa kaya, mai farashi kamar buhun masara. Infoma yakan zauna da maƙwabcinsa a inuwa ɗaya, su ci tuwo a akushi ɗaya, amma abin da yake gani a jikinsa shi ne babur da shanu da kuɗin fansa. To, karin maganar da aka jefe ni da shi ya raba kai da kaya, ya ce kai ne gaba. Gaskiya ne. Amma masifar da muke ciki ita ce an mai da kai kaya. In haka ne, al'adar da ke horar da ido ya tsaya a kan abu ba don ya ci shi ko ya sayar da shi ba, ba na jin ita ce abokiyar gābar mutanen 'Yargoje. Asalin wannan al'ada ma daga ajiye bindiga ta fito. A Amurka, a da, ran Kirsimeti mutane sukan rabu ƙungiya biyu su fita gasar wanda zai fi kashe tsuntsaye. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a ƙirga su maimakon a harbe su. Mutum 27 ne suka amsa kiransa a wannan shekara, kuma tun daga lokacin ba a fasa wannan ƙidaya ba.

Na san za a ce wannan zancen 'yan falsafa ne, a kawo amfani a gani a ƙasa. Amfani kuwa akwai shi. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda yakan tsallaka hamada ya zo ƙasashenmu na Sahel idan sanyi ya kama can, bai koma ba kamar yadda ya saba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Sai a 1974 masana suka wallafa bayanin cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel ne ya kashe su. Kafin nan kuwa farin ya riga ya kai ga mutane da dabbobi, wanda iyayenmu ba su manta da shi ba, na 1973. Watau ɗan tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba ya kai labarin yunwarmu Turai shekaru kafin jaridu su kai, sai dai ba a gane saƙon da wuri ba. Haka kuma ungulu. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa kafin shekarun nan ya san ba a raba mahauta da ungulu, har ake cewa ba ta jewar banza. Yau sai ka zaga kasuwanni da yawa ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun nan tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya: a shekarun 1990 wani maganin shanu ya kashe kusan dukkan ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan banza suka yawaita, aka hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Ba a san ungulu tana ƙarewa ba sai da wani ya tsaya ya ƙirga.

Duk da haka wannan amsa ba ta ishe ni ba, domin ba don in tsare lafiyar jama'a nake tashi da asuba ba. Ina tashi ne don ina so. In na fake da amfani, to na yarda ke nan da mai zargina cewa duk abin da ba ya kawo riba ba shi da hurumi a lokacin wahala, sai dai mu yi gardama a kan ko tsuntsu yana kawo riba. Ni kuwa tushen maganar tasa nake musu.

A tambayi mutumin yankinmu abin da ɓarayi suka ƙwace masa, zai lissafa 'yan'uwa da shanu da gonaki da barcin dare. Akwai wani abu da ba ya shiga lissafi domin ba shi da suna a kasuwa, shi ne sararin ɗaga kai. Na taso na ga manomi in rana ta take yakan jingina fartanya, ya kwanta a gindin ɗorawa, ya bi shirwa da ido tana shawagi har barci ya ɗauke shi. Yara masu tsaron gero daga jan baki sun san lokacin da garken ke sauka da lokacin da yake tashi. Tsofaffi mata sun san zuwan shamuwa, su ce damina ta kusa, a fara gyaran gona. Ba wanda ya kira wannan nazari, amma daga nan ne harshenmu ya sami cilakowa da carki da yautai da ragon maza da suda da bainu, da dukkan karin maganar da aka ɗora a kansu. Da tsoro ya shigo, idon manomi ya sauko daga sama ya koma kan hanya, kunnensa ya koma sauraren ƙarar babur. Har yanzu yana lura da tsuntsaye, amma lura ta dabam: in ya ga sun tashi a firgice daga bakin daji, sai ya ce akwai mai zuwa, ya tattara yara. Tsuntsun da a da abokin hira ne ya koma mai gadi. Ɗiyan ƙanwata, waɗanda gudun hijira ya kai birni suna ƙanana, ba su san kukan fakara ba, na gwada su. To, idan wanda ya kuɓuta daga wannan hali, ya sami gurbi a jami'a, shi ma ya hana kansa ɗaga kai don kunya, me ya mayar wa mutanensa? Bai ta da mamaci ba, bai fanshi kowa ba. Ya dai ƙara wa ɓarayin abin da ba su ma nema ba.

Wannan tambaya ba a kanmu aka fara ta ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu sojojin Ingila da Jamusawa suka kama, cikinsu har da John Buxton da Peter Conder, sun shafe shekarun zaman fursuna suna kallon tsuntsayen da ke sheƙa a cikin sansani, suna rubuta motsinsu sa'a bayan sa'a a kan duk 'yar takardar da suka samu. Buxton ya duƙufa a kan wani ɗan tsuntsu mai jar wutsiya, kuma bayan yaƙi ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1950. Conder daga baya ya shugabanci babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan mai jar wutsiya yana cikin baƙin da ke zuwa mana da rani. Yakan bar Turai ya tsallake hamada ya sauka a itatuwan ƙaya na ƙasashenmu, Arewacin Nijeriya na ciki. Watau abin da ya riƙe hankalin ɗaurarre a Jamus yana iya kasancewa a bagaruwar bayan gidanmu ya yi hunturunsa. Sai dai kada a ja misalin ya wuce tsawonsa. Waɗannan hafsoshi ne, akwai dokar yaƙi da ke kare su, ana ba su abinci, ana kai musu wasiƙa. Wanda aka ɗaure a dajin Rugu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma rashin kunya ne wani ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya ce masa ya dubi tsuntsu ya sami sauƙi. Misalin ya nuna abu guda ne kawai, cewa masu hankali sun taɓa ganin kallon tsuntsu hanyar tsare mutuncinsu ce a lokacin da ake so a mai da su lamba.

Yanzu kuma sai mu komo kan halin nan na madubi, mai ba ka nesa ya hana ka gefe, domin a nan ne abokin nawa yake da gaskiya, kuma gaskiyarsa ba ƙarama ba ce. Na taɓa zama a wani taron masu kallon tsuntsu inda wani baƙo, da ya ji daga inda na fito, ya girgiza kai ya ce abin takaici ne yadda aka rufe musu waɗannan dazuzzuka, ga tsuntsayen da yake so ya ƙara cikin lissafinsa. Bai tambayi mutum ko ɗaya ba. Wani kuma ya ce wataƙila gudun da mutane suka yi daga ƙauyuka alheri ne ga namun daji, tun da gonaki sun koma saura. Ya faɗi haka yana shan shayi. Wannan mutum madubinsa a juye yake, irin yadda yara kan juya shi su ga wanda ke gabansu ya koma ɗan mitsitsi can nesa. Son tsuntsu bai sa shi ya zama mutumin kirki ba, kamar yadda bai sa Meinertzhagen ba. Saboda haka ba zan ce kallon tsuntsu yana gyara hali da kansa ba. Yana horar da ido ya tsaya ya lura, amma inda za a juya idon, wannan yana ga mai shi. Kuma akwai masu tara sunayen tsuntsaye kamar yadda ɗan kasuwa ke tara riba, in sun ga iri sau ɗaya sun rubuta shi sun gama da shi. Wannan ma mai da tsuntsu kaya ne, sai dai ba a zubar da jini.

Akwai kuma wani haƙƙi wanda ya fi wannan nauyi a kaina. Na sha jin zuciyata tana raya mini cewa in na je hutu in ɗan zaga bayan gari da madubina, awa biyu kawai, in cike gidan daran nan. Wani ma ya taɓa zuga ni, ya ce jarumtaka ce, kuma ilmi yana bukatar sadaukarwa. To amma wa zai biya? In aka ɗauke ni, ba ƙungiyarmu ce za ta sayar da gona ba, mahaifina ne. Ba masana ne za su bi dangi gida-gida suna haɗa kuɗin fansa ba, mahaifiyata ce. In kuwa 'yan gari ne suka tare ni da zargi, sunan gidanmu ne zai ɓaci, kuma duk wanda aka gani tare da ni ya shiga uku. A ƙasarmu ran mutum ba nasa ba ne shi kaɗai da zai yi caca da shi, dukiyar gida ce. Sha'awar da za ta sa tsoho ya rasa gonar gadonsa ta tashi daga sha'awa ta koma zalunci. Don haka in zan tafi gida, madubin yakan kwana a akwatina a makaranta, kuma ba na jin na tauye ilmi da haka. Haka nan ba zan bar zaman makoki in tafi bakin rafi ba, ba kuma zan sayi sabon madubi ba alhali ana haɗa kuɗin fito da wani a unguwarmu. A waɗannan wurare karin maganar yana nan daram, kai ne gaba.

Ko a garuruwan da ke zaune lafiya, mun koyi cewa ba a shiga gonakin mutane da madubi sai an fara gaida mai gari an faɗi abin da ya kawo mu. Mafi yawan lokaci zargin yakan mutu ne sa'ad da aka miƙa wa dattijo madubin ya ɗora a idonsa. Na ga wani tsoho da ya kalli zalɓe a tsaye cikin ruwa, ya daɗe bai sauke ba, da ya sauke sai ya ce shekara saba'in yana ganin wannan tsuntsu bai san idonsa rawaya ne ba. Daga nan shi ya koma malaminmu, ya nuna mana kukar da mujiya ke kwana, ya kuma gaya mana cewa rabonsa da jin kukan gauraka a fadamarsu tun yana saurayi. Ba mu da wannan labari a littafin da muka zo da shi, wanda aka buga a Landan.

Game da gidan daran 'Yargoje kuwa, abin da nake da shi ɗan kaɗan ne, kuma ba da madubi na same shi ba. In na je gida nakan zauna a tsakar gida da hantsi da ido tsirara, in rubuta abin da ya zo da kansa: hasbiya a kan soro, bainu a gindin turmi suna tsintar tsaki, marai a darbejiya, hankaka, tsattsewa, balbela in an koro 'yan shanun da suka rage. Ba su kai iri ashirin ba, kuma ba su cika sharaɗin aikin taswira ba, don haka ba na aikawa. Shamuwa ce kaɗai nake da lissafinta na shekaru a jere, shi ma ba aikina ba ne. Shamuwa takan yi sheƙa a garuruwanmu da damina, in kaka ta yi ta tashi ta tsallake tsakiyar Afirka zuwa gabashi da kudancinta, ta komo da bazara. Mahaifiyata, wadda har yau take kiran abin da nake yi wasan yara, ita ce kan sa a bugo mini waya ranar da suka sauka a tsamiyar ƙofar gidan liman, in rubuta kwanan wata. A 2021 babu lissafin ranar tashinsu, domin a lokacin an katse waya. Bana da aka bugo, bayan an gaya mini waɗanda suka koma gari da waɗanda har yanzu suke Funtuwa, sai ta karɓi wayar ta ce sheƙa huɗu ce, bara kuwa shida ne, kuma in rubuta cewa sun makara da mako guda.